Fim ɗin Hausa a Oscar: Harshen Namu ne, Sana'ar Fa?

Da aka sanar a 2024 cewa fim ɗin Mai Martaba ne zai wakilci Najeriya a gasar Oscar ta Amurka, sai guɗa ta kaure, ana cewa Kannywood ta kai gaci. Da watan Disamba ya zo aka fitar da fina-finai 15 da suka tsallake zagayen farko, babu shi a ciki, kowa ya ja bakinsa. Faɗuwar ba ta dame ni ba, ƙasashe sama da 80 ne ke zawarcin kambu ɗaya. Guɗar ce ta dame ni, domin mun yi ta ne ba tare da tambayar yadda aka yi harshenmu ya je can ba.

Ƙa'ida ce ta kai shi. Rukunin fina-finan ƙasashen waje ba ya karɓar fim sai fiye da rabin maganar cikinsa ba Turanci ba ce. A 2019 wannan ƙa'ida ta yi waje da Lionheart na Genevieve Nnaji, saboda Ibo ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Daga nan masu kuɗin fim na Legas suka farga cewa harshen gida jari ne. Shekara na zagayowa sai Najeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba, da Hausa da Fulatanci. Mami Wata ya bi da Turancin buroka, sannan Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura. Biyu cikin ukun nan Hausa suke yi, amma ba ko ɗaya da ya fito daga hannun manyan furodusoshin da suka gina kasuwar fim ta Kano.

Dalili kuwa a fili yake. Tun da kasuwar faifai ta mutu, masana'antar ta koma fim mai dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, ana saki mako-mako a YouTube ko talabijin. Wanda ke tseren cika kashi na gaba kafin Juma'a ba ya da sukunin zaman wata shida kan labari ɗaya, balle gyaran sauti da launi. Oscar kuma fim take nema cikakke, wanda aka haska a sinima mako guda. Sinimomi nawa suka rage a Arewa? Har yanzu wasu iyayen ba su daina kallon gidan sinima a matsayin matattarar 'yan iska ba.

Akwai masu cewa ina ruwanmu da Oscar, tunda ana kallonmu daga Kano har Yamai da Kumasi da Sudan. Suna da hujja, kuma ba a rasa riba ba: Maryam Booth ta ci kambun gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta dalilin The Milkmaid, Adam A. Zango ya samu rawar da ta dace da shi a Mai Martaba. Sai dai ɗan wasa haya ake ɗaukarsa. Mai labari da mai jari su ne masu fim.

Don haka masu ruwa da tsaki a ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da furodusoshin da YouTube ya yi wa gata, ku haɗa kuɗi ku yi fim ɗaya tak na sinima a shekara, da labarinku da jarinku, ku kai wa kwamitin da ke zaɓen fim ɗin da zai wakilci Najeriya a Oscar.