Abin Da Ke Sa Bango Da Daɓe Su Tsage A Jimeta

Duk wanda ya bi lungunan Ajiya, ɗaya daga cikin unguwannin Jimeta a Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, da wuya ya wuce gidaje goma bai ga bango mai tsaga ba. Masu gida kan ɗora laifin a kan siminti, su ce na yanzu ba shi da ƙarfin na dā. Alhali kuwa galibi siminti ba shi da laifi. Tsagar nan iri biyu ce: akwai wadda ta tsaya a fatar shafe, akwai kuma wadda ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farkon ita ce siririyar nan mai kama da saƙar gizo. Asalinta ƙishirwa ne, domin siminti yana yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa a hankali, har sai ya kai wajen kwana 28 kafin ya cika ƙarfinsa. Saboda haka ne masana gini suke cewa a riƙa yi wa sabon shafe ban ruwa safe da yamma, kwana 7 aƙalla. To, a Yola zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, iskar hunturu kuma takan tsotse danshi cikin sa'o'i kaɗan. Birkila ya yi shafe da hantsi a kan bulo busasshe wanda ba a jiƙa ba, bulon ya sha ruwan ta ciki, rana ta sha ta waje, mai gida kuwa yana ƙyashin kuɗin 'yan garuwa. Kafin mako ya zagayo shafen ya tsattsage. Haka kuma yashi mai laka, da yawan ruwa a kwaɓi, da labta shafe mai kauri a tashi ɗaya, duk suna kawo wannan. Abin mamaki, yawan siminti ma yana kawo ta, don kwaɓin da siminti ya yi wa yawa ya fi tsukewa in ya bushe.

A tsofaffin gidaje akwai wata matsalar. Tun da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, aka kuma fara samun simintin Ashaka a 1979, mutane suka shiga lulluɓe ginin ƙasa da siminti, aka yi watsi da makuba da laso. Amma ƙasa da siminti ba sa riƙe juna. Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa ya toshe shi, sai shafen ya rabu da bango, a ƙwanƙwasa a ji yana amo kamar ganga, wata rana ya ɓantaro gaba ɗaya.

Tsaga ta biyu ita ce abin tsoro. Takan tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ta ratsa bango har a gan ta ciki da waje, ƙofa kuma ta fara ƙin rufuwa. Nan harsashin gini ne ya motsa. A kwarin Binuwai, musamman wuraren fadama da kan hanyar Numan, akwai baƙar laka wadda Fulani ke kira karal, inda ake noman masakwa. Da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare har hannu ya shiga, ginin da ke kanta kuma yana hawa yana sauka tare da ita kowace shekara. Ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka sako ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ta jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin gidaje da yawa a bakin kogin. Ko ba ambaliya, ruwan indararo da ke zuba a gindin bango, da bututu mai yoyo, da darbejiyar da aka dasa dab da ɗaki, sun isa.

Daɓe kuwa cikonsa ne ke cin amanarsa. In aka zuba ƙasa ba a kirɓa ta hawa-hawa ba, sai ta lotsa bayan an shiga gida, kankaren da ke sama ya rasa abin dogara ya karye. Matan dā da ke daɓe da maɓugi suna yayyafa makuba sun fi wasu leburorin yau sanin wannan.

Kafin a kira birkila, sai mai gida ya liƙa ɗan siminti a kan tsagar, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya jira damina da rani su wuce. In bai karye ba, ciko da fenti sun wadatar. In ya karye, ko tsagar ta kai a cusa fensir, sabon shafe asarar kuɗi ce kawai, sai a nemi injiniya ya duba harsashin, a kuma kwashe yara daga ɗakin kafin ya zo.