Jikin 'Ya Mace a Idon Kafafen Yaɗa Labarai

Tallace-tallace da finafinai da mujallu sun daɗe suna nuna budurwa a matsayin abin kallo kawai. Sau da yawa kyamara kan tsaya a kan ƙugu ko ƙafa ko leɓe, ba ruwanta da sunan mai jikin ko abin da ta iya. A 1997 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts, suka bayyana illar hakan: yarinyar da ta tashi ana auna ta da ido, sannu a hankali takan koma kallon kanta da idon wasu. Daga nan kunyar jiki da fargaba da cutar ƙin cin abinci ke samun ƙofa.

Tsibiran Fiji sun ba da misali mai ƙarfi. A al'adarsu cikar jiki ita ce kyau. Talabijin ta isa lardin Nadroga a 1995 ɗauke da shirye-shiryen Turawa. Binciken Anne Becker ta Jami'ar Harvard ya gano cewa zuwa 1998 kimanin kashi 11 cikin 100 na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna jawo amai don rage ƙiba, alhali shekara uku baya ba a samu ko ɗaya ba.

Wayar hannu ta ƙara tsananta lamarin, domin yanzu yarinya da kanta take gyara hotonta ta zauna jiran yabo. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kamfanin ya san manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar jikinsu.

Fafutukar karɓar jiki yadda yake ta girmi intanet. Masu ƙiba ne suka faro ta a Amurka, inda Bill Fabrey ya kafa ƙungiyar NAAFA a 1969 don yaƙi da wariyar da ake nuna musu a wurin aiki da asibiti. Daga baya fafutukar ta haɗa da launin fata da naƙasa da tabo. Har dokoki sun biyo baya: tun 2017 Faransa ta wajabta sanya alama a hoton talla da aka sauya surar jikin mai tallar da kwamfuta, Norway ma ta bi sahu a 2022.

Sai dai 'yan kasuwa ba su yi barci ba. Kamfanin sabulu na Dove ya fito da tallar mata masu sura iri-iri a 2004, alhali uwar kamfanin, Unilever, tana sayar da man hasken fata Fair & Lovely, wanda sai 2020 aka sauya masa suna. Masu suka na ganin har yanzu kyau ake sa wa mace a ma'auni, faɗaɗa shi kawai aka yi. Shi ya sa wasu suka koma kiran a daraja jiki don aikin da yake yi, ba don kamanninsa ba.

A Nijeriya ma'aunin ya bambanta: hasken fata da cikar jiki ake nema. Bilicin ya yi yawan da hukumar NAFDAC ta ayyana shi matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, ga kuma ƙwayoyin sa ƙiba irin “sha ka fashe” da ake saye ba da umarnin likita ba.