Tsibiran Eoliya

Tsibiran Eoliya rukunin tsibirai ne guda bakwai na ƙasar Italiya, waɗanda suke a Tekun Tireniya, arewa da babban tsibirin Sisili. Tsibiran su ne Lipari, Vulcano, Salina, Stromboli, Panarea, Filicudi da Alicudi. Dukkansu aman wutar duwatsu ne ya samar da su, kuma sun samo sunansu daga Aeolus, wanda tatsuniyoyin Girkawa suka ce shi ke riƙe da iskoki. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya su cikin jerin wuraren tarihi na duniya. An san su da yawon buɗe ido a ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa.

Yanayin ƙasa

Lipari ne mafi girma kuma mafi yawan jama'a, Panarea kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Dutse mafi tsawo yana Salina, sunansa Monte Fossa delle Felci, tsawonsa mita 962. Salina ya fi sauran tsibiran tsirrai, kuma a can ake noman inabin malvasiya. A Alicudi babu hanyoyin mota, sai matakalan dutse, saboda haka alfadarai ne ke ɗaukar kaya.

Yawo a jirgin ruwa

Yawancin masu hayar jirgi suna tasowa daga gaɓar arewacin Sisili, musamman Milazzo, Portorosa da Capo d'Orlando. Sukan fara da Vulcano, domin shi ya fi kusa, su wuce Lipari da Salina, sannan su zaɓi gabas zuwa Panarea da Stromboli, ko yamma zuwa Filicudi da Alicudi. Tsakanin tsibiri da maƙwabcinsa tafiyar 'yan sa'o'i ce, shi ya sa mutane da yawa ke zagaya su cikin mako guda.

Sai dai kusancin ba ya nufin sauƙi. Tsibiran kawunan duwatsu ne da suka taso daga ƙasan teku, don haka ruwan yakan yi zurfi sosai da zarar an ɗan bar gaɓa, kuma wuraren da anka ke kamawa ba su da yawa. Tashoshin da ke kare jirgi daga iska kaɗan ne, mafi yawansu a Lipari, Salina da Vulcano, kuma sukan cika a watannin Yuli da Agusta. Idan iskar arewa maso yamma ta taso, ko ta kudu maso gabas mai zafi da ke fitowa daga Sahara, dole matuƙi ya koma ɗaya gefen tsibirin ya fake. Saboda haka hasashen yanayi ne ke tsara tafiyar.

Duwatsu masu aman wuta

Stromboli yana cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya, har ana yi masa laƙabi da fitilar Bahar Rum. Da dare jirage kan tsaya daga nesa a gaban gangaren Sciara del Fuoco domin kallon wutar. Hukumomi sun hana matsawa kusa da gangaren, saboda duwatsun da ke gangarowa cikin ruwa. Ranar 30 ga Disamba 2002 wani ɓangarensa ya zaftare, ya haddasa igiyar ruwa da ta lalata gidaje a bakin teku. A watan Yuli na 2019 kuma wata babbar fashewa ta kashe wani mai hawan dutsen.

Vulcano ya yi amansa na ƙarshe tsakanin 1888 da 1890, amma har yanzu hayaƙi mai warin farar wuta yana fita daga bakinsa. Daga sunan wannan tsibiri ne harsunan Turai da dama suka samo kalmar da suke kiran dutse mai aman wuta da ita.