Gammon da ke cikin kwankwaso

Duk wanda ya taɓa ɗauko tulu daga rijiya ya san amfanin gammo. Tulu da tauri, kai da tauri, in ba a sa wani abu mai laushi a tsakani ba, da wuya a kai gida lafiya. To, haka Allah ya tsara gadon bayan ɗan Adam. Ƙasusuwa ne a jere, wani kan wani, biyar daga cikinsu a kwankwaso, kuma tsakanin kowane biyu akwai ɗan gammo. Irin ɗinkakken nan ne, bayansa da ƙarfi, cikinsa cushe da abu mai laushi kamar audugar rimi. Shekaru na tafiya, yana bushewa, ɗinkin yana gajiya. Ran nan mutum ya sunkuya ya cicciɓi buhun masara, wani ma atishawa kawai zai yi, sai ɗinki ya farke ta gefe, auduga ta leƙo.

Da a fili ta leƙo, da da sauƙi. Abin takaicin, nan ne mabiyar jijiyar da ke sauka ƙafa. Audugar ta danne ta, ta kumbura ta, sai zafi ya taso daga ɗuwawu ya bi cinya, ya ratsa sha-raɓa har yatsu, kamar an jona wa mutum wutar lantarki. Za ka ga ana ta shafa man zafi a ƙafa, wani har ya kira wanzami a yi masa ƙaho, alhali ɓarnar tana can sama. Gammo biyu na can ƙasa, su da suka fi shan nauyi, su ne suka fi farkewa. Su ne likita ke rubutawa L4-L5 da L5-S1 a takarda. Ba a ga laifin mai ƙaho ba, don su kansu likitoci sun daɗe suna ɗaukar abin a matsayin ƙari, sai a 1934 da Mixter da Barr na birnin Boston a Amurka suka bayyana cewa cikin gammon ne ya fito.

Tambayar da ke hana mutum barci ita ce, "Likita, a yi aikin tiyata ko a bari?" Abin da mutane da yawa ba su sani ba, jiki da kansa yana cinye audugar da ta fito, sannu a hankali. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani, da gashi a asibiti, da 'yar tafiya a ƙafa. Kwanciya ta kwana da kwanaki ba ta ƙara komai sai sanyin jiki.

A Laidin ta ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka wallafa a 2007. Mutum wajen 280 masu wannan ciwon aka raba biyu: rabi aka yi musu tiyata da wuri, rabi aka ce su ci gaba da magani. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙin ƙafa nesa ba kusa ba. Amma da shekara ta zagayo, ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, kusan kowa ya ce ya warware, ko da yake wajen 4 cikin 10 na masu jiran sai da haƙurinsu ya ƙare aka yi musu aikin. A ganina, abin da wannan ke koya mana shi ne, galibi lokaci ake saye da tiyatar. Kuma lokaci ba abin wasa ba ne ga wanda ya yi wata uku bai iya zama a shago ba, bai iya ruku'u ba, bai runtsa ba. Idan ciwon na ja da baya mako bayan mako, jira ya fi. Idan ya tsaya cik, ya hana neman abinci, mai ciwo bai yi gaggawa ba don ya yarda da wuƙa.

Akwai inda ba a shawara. Fitsari ya ƙi fita ko yana zuba mutum bai sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi da mazauni ya sage, ko ƙafa tana ƙara mutuwa har silifa na suɓucewa. Wannan auduga ce ta toshe hanya gaba ɗaya, kuma jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo ba. A ranar ake neman babban asibiti, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa. Ba a biyawa ta wurin mai ɗori, don babu karayar da zai ɗora.

Hoton MRI ma kada ya tsorata kowa. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum kusan 100 da ba abin da ke damunsu, aka tarar fiye da rabinsu gammon ya ɗan bultso. Likitan kirki sai ya ga hoton ya yi daidai da inda ƙafar ke ciwo kafin ya yi zancen aiki.

Shi aikin kansa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. 'Yar tsaga ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, likita ya duba da madubin ƙara girma, ya tsince audugar da ta fito, ya ɗinke fata. Da yawa a ranar suke taka ƙafa, washegari su koma gida. Haɗari yana nan, kamar ƙwayar cuta ta shiga ko a taɓa jijiya, amma ba kasafai ba. Sai dai a riƙe wannan: ba sabon gammo aka sa ba. Tsohon ne, cikinsa ya ragu, farkewar kuma tana nan sai ta haɗe da kanta. Shi ya sa zafin ƙafa ke iya ɗaukewa tun ana farfaɗowa, ciwon kwankwason kuwa wani lokaci ya saura, sagewar ma ta ɗauki watanni. Wajen mutum 1 cikin 10, audugar kan sake leƙowa ta wurin da.

Makonnin farko na lallaɓawa ne. Banda sunkuyo, banda murɗa jiki, banda ɗaukar abin da ya wuce buta. A yi salla a zaune, addini ya yi rangwame. A guji babur a hanya mai gargada, a bar sigari, don tana busar da gammon. Maganin zafi kuma a sha yadda likita ya rubuta. Na kemis da ake afawa ba lissafi yana cin ciki da ƙoda, tiramadol kuwa kama mutum take yi.

Ma'aikacin ofis kan koma aiki cikin mako 2 zuwa 4. Manomi, ɗan dako da uwa mai goyo sai su kai wata 3. Su ne na fi jin tausayi, domin ana gama tara kuɗin aiki dangi kan ɗauka an gama, sai ka ga mutum ya koma gona da sauran ciwo a jikinsa. Kafin a sa ranar aiki, a zauna a gida a tsayar da wanda zai yi noman, wanda zai ɗebo ruwa, da wadda za ta karɓi goyon har watannin su cika.