Abin da ya kamata ku sani game da mace da namiji a tallar kamfanoni

Idan tallar sinadarin ɗanɗano ce ko ta sabulun wanki, mace za ka gani a gindin murhu, tana jiran maigida ya yaba. Idan kuwa ta taki ce, ko babur, ko bashin banki, sai a kawo namiji. Mai tsara talla yana bin abin da ido ya saba ne domin saƙonsa ya shiga da wuri, maimaitawar yau da gobe kuma ita ke sa yaro ya ɗauka haka Allah ya raba aiki.

Amma ba haka zaman yake ba a Ikara da Makarfi da Kudan da ke jihar Kaduna. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, haka mai wanki da guga. A cikin gida kuma, wadda ake cewa ba ta aikin komai ita ke matsar man gyaɗa, ta soya ƙuli-ƙuli da awara, ta yi kiwon tumaki, ta zuba adashe. Sau da yawa da kuɗin nan ake yi wa 'ya kayan ɗaki, har maigida ya ranci na taki kafin rake ko tumatir su shiga kasuwa. Yanzu wata ma ta WhatsApp take sayar da atamfa da turaren wuta ba tare da ta taka ƙofar zaure ba. Kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi na yaye 'yan mata ma'aikatan lafiya, kuma a 2019 jihar ta samu mace mataimakiyar gwamna, Dakta Hadiza Balarabe.

An taɓa yin ce-ce-ku-ce kan yadda talla ke nuna mace da namiji a Najeriya. Tallar MTN ta shekarun 2000, wadda gari ya ɓarke da murna don an haifi ɗa namiji, ta sha suka daga ƙungiyoyin mata har aka janye ta. A Birtaniya an haramta irin tallar da ke cusa wannan rabo mai cutarwa tun Yunin 2019. A nan gida, hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance talla, kuma ana iya kai mata ƙorafi.

Girki ba abin kunya ba ne, kuma ba shi nake suka ba. Abin da ke damuna shi ne, muddin ba a nuna mace a matsayin mai jari, ba za a tuna da ita ba ranar rabon taki ko rancen noma, ita ma ba za ta ga cewa da ita ake ba.