Raɓar rana, shukar da taki ke kashewa

Manomi ya saba ganin ƙwari suna cin shuka, fara ta faɗa wa gero, tsutsa ta shiga wake. Amma Allah cikin ikonsa ya halicci waɗansu shuke-shuke da su ne ke cin ƙwari. Wadda ta fi sauƙin reno a gida cikinsu ita ce wadda masana ke kira Drosera. Da Faransanci ana ce mata rossolis, daga kalmomin Latin masu nufin raɓar rana, kuma da wannan suna za mu kira ta a nan.

Ganyenta cike yake da gashi ja, kan kowane gashi akwai ɗigo mai ƙyalli kamar raɓar asuba, sai dai rana ba ta busar da shi. Danƙo ne. In ƙuda ko sauro ya sauka sai ya maƙale, gashin ya lanƙwaso kansa a hankali, shukar ta fid da wani ruwa da ke narkar da shi, ta tsotse. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya daɗe yana binciken wannan al'amari kafin ya buga littafi a kansa a shekarar 1875. Akwai iri wajen 200 a duniya, mafi yawansu a Ostareliya. Wani iri, Drosera indica, yana fitowa nan Afirka ta Yamma cikin yashi mai damshi, ya zub da iri, ya mutu bayan damina. Wanda aka fi sayarwa kuwa shi ne Drosera capensis, ɗan asalin lardin Kap a Afirka ta Kudu.

Dalilin cin ƙwarin shi ne mabuɗin renonta. Asalinta fadamu ne masu tsami, inda ƙasa ba ta da abinci. Sinadarin azot da gero ke samu daga taki, ita daga jikin ƙwaro take samunsa. Saiwarta ba ta saba da gishirin ƙasa ba, in ya yi yawa sai ta ƙone. Saboda haka duk alherin da mai garka ya saba yi wa shuka, ita guba ne gare ta. Kada a sa mata takin dabbobi, ko na zamani, ko toka. Ƙasarta ita ce ruɓaɓɓiyar gansakuka da Faransawa ke kira tourbe, marar taki, a gauraya da yashin da aka wanke, cikin tukunyar roba mai huji a gindi.

Maganar ruwa ta fi komi nauyi, nan ne yawancin masu reno ke asara. Ruwan rijiya da na pampo suna ɗauke da gishiri da farar ƙasa, wani wurin har da kanwa. Shukar ba ta mutuwa ran nan. Gishirin ne ke taruwa cikin tukunya mako bayan mako, ɗigon ya ɓace, ganye ya yi baƙi, mai ita ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara mata ruwan da ke kashe ta. Tafasa ruwan ba magani ba ne, domin tururi ke tashi, gishiri ya zauna. Ruwan sama ake so, a tara shi da damina cikin jarka mai murfi. In ya ƙare, a nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, amma a kula, ba asid ɗin ba. A aza tukunyar cikin faranti mai ruwa santimita 1 ko 2, kada ya ƙafe ko da yini guda.

Tana son haske sosai. Cikin duhun ɗaki jan gashin yakan koɗe. Amma ta Kap ba ta saba da zafin bazararmu ba, wanda ke wuce digiri 40. A ba ta hantsi, a kai ta inuwa kafin rana ta take. Da hunturu kuma a kare ta daga busasshiyar iska da ƙura, don su ne ke shanye danƙon.

A ganinmu, wanda bai tara ruwan sama ba, gara ya dakata da sayenta sai damina ta gaba. Abinci kuwa ba sai an ba ta ba, balle nama, wanda ke ruɓar da ganye. In tana bakin taga, ƙuda zai kawo kansa.