Kula da babur a gida: ayyukan da mai moto zai iya yi da hannunsa

Jama'a masu saurarenmu na Madarunfa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, da ƴan uwa na ƙasashen waje masu karanta mu a intanet, yau zancen babur za mu yi. A garuruwanmu moto shi ke kai amfanin gona kasuwar Maradi, shi ke ciyar da ɗan kabu-kabu, shi kuma ake tayarwa da tsakar dare in mace mai naƙuda tana bukatar likita. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, man da ke shigowa ta Jibiya ya yi tsada, kuɗin da ke saura wa mai babur ya ragu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin ayyukan da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa da sifana da tsumma.

Na farko, baƙin mai. Ƙananan baburan da muke hawa, irin Kasea da Haojue da Boxer, injinsu iska ke sanyaya shi, kuma abin da yake ɗauka bai wuce kamar lita ɗaya ba. In wannan ɗan man ya ƙone ko ya ragu, ƙarfe ne zai riƙa cin ƙarfe. Kowace safiya a tsayar da babur daidai bisa ƙafar tsakiya, a zaro ma'aunin, a goge, a sake sakawa a duba. Ranar juye kuma, a bar inji ya ɗan yi ɗumi tukuna, don mai mai ɗumi ya fi fita da datti. Ɗan kabu-kabu mai yini kan hanyar turɓaya kada ya jira sai man ya koma kamar kwalta. A sayi mai na gwangwani rufaffe, kamar 20W-50, a guji wanda ake aunawa ba a san asalinsa ba. Tsohon man kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko bakin tafki. Daga tafkin Madarunfa muke cin kifi.

Na biyu, matatar iska. Wanga abu shi mutane suka fi mantawa, alhali ƙurar hunturu da rairayin hanyoyinmu nan suke taruwa. In ta toshe, inji ba ya samun iska, sai ya riƙa shan mai fiye da kima, ƙarfinsa ya ragu. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shanya, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a mayar. In ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta gaji a sake sabuwa. Wasu kan cire ta gaba ɗaya wai babur ya ƙara gudu. Wallahi wannan asara ce, don ƙurar da ta shiga ciki tana goge fistan kamar yadda dutse ke cin wuƙa.

Na uku, buji, wanda ƴan uwanmu na Katsina ke ce wa fulogi. Bakinsa yana faɗa maka lafiyar injinka. In launin ƙasa-ƙasa ne, komai daidai. In baƙi ne mai tokar hayaƙi, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, inji ya soma cin mai, lokacin ganin makaniki ya yi. In fari ne fat, inji yana zafi da yawa. A kwance shi bayan inji ya huce, wajen mayarwa kuma a fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sifana, kada a ɓata zaren.

Na huɗu, sarƙa da birki da taya. Sarƙa tana son wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Ta cika saki, za ta iya faɗuwa ana cikin gudu. Ta cika ɗauri, za ta cinye haƙoran ƙarfen da take bi. Da damina, bayan an keta laka ko ruwan Gulbi, a wanke ta a sa mata mai. Birki ma a gwada shi bayan an fito daga ruwa, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa nan take. Iskar taya a duba ta da safe, musamman ga mai ɗora buhun gero da mutum biyu.

Masu shan man kwalba na bakin hanya, a tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba. A ƙasan karbureta akwai ɗan ƙusa. In an sassauta shi, ruwa da dattin da suka kwanta za su fita. Aikin nan ba a yin sa kusa da murhu ko da sigari a baki.

Akwai inda hannun gida ya kamata ya tsaya. Buɗe inji, gyaran bawul, kulochi da wayoyin wuta, aikin makaniki ne. In ka ji ƙara sabuwa daga cikin inji, ko hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na fita, ka kashe ka kai masa tun abin bai girma ba.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya, in kun aiko kuɗin sayen babur ga ƙane ko ɗa, ku riƙa tambayarsa yaushe ya yi juye, ku ware masa ɗan abin mai da matata da hular kwano. Allah Ya tsare mu bisa hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu.